Tsakuwar Gindin Tulu

Ku yaran yanzu, kunyarku kaɗan ce, haɗamarku da yawa. Mutum ya share gonar da ta fi ƙarfin hannunsa, ya watsa iri tun daga wannan iyaka har waccan, in ciyawa ta taso kuma ya bi gida gida yana janye 'ya'yan mutane daga nasu aikin, wai a taimaka masa. In rumbu ya cika ya ce dabararsa ce. Ba dabara ba ce, cin hakki ne. Ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara, don ba zan maimaita ba.

An ce wani sarki ya yi zamani a wani gari na bakin tafki. Tafkin nan ruwansa a kwance yake, har in mutum ya leƙa sai ya ga sama a ƙasa, balbelu suna tafiya a kan gajimare. Tsakanin tafkin da wani dutse sarki yana da gandu, kadada goma sha biyu. Gabas ruwa, yamma dutse, don haka gandun ba ya ƙaruwa ko da taki ɗaya. Mutanen da ke noma shi su ashirin da huɗu ne, barorin gidan sarki, su ma ba sa ƙaruwa.

Kowace shekara bayan kaka ayarin Azbinawa yakan sauka a garin da gishiri. Musaya ake yi. Amfanin kadada ɗaya ta auduga yakan karɓo kantu biyar, wato dogon curin gishirin nan da ake ɗaurowa a raƙumi. Amfanin kadada ɗaya ta dawa kuwa kantu uku.

Wata shekara shugaban ayarin, Madugu Agali, ya zo yin ban kwana. Mutum ne mai son zolaya. Ya gyara amawalin rawaninsa ya ce, "Ya sarki, kullum da kantu sittin nake zuwa ƙofarka, kullum kuma sai na wuce da saura. Raƙumana har sun san hanyar garin da ke gaba, inda ake sauke musu nauyi."

Sarki ya ji maganar ta soke shi. Ya ce, "Baɗi war haka, Madugu, ba za ka wuce ƙofata da ko ɓarin gishiri ba." Magana ta fita a gaban jama'a, ba ta komawa.

Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, wata rana sarki ya kishingiɗa ƙailula a rumfarsa ta bakin ruwa. Barci ya ɗauke shi. Ya ga kansa yana tafiya a cikin gonar auduga, audugar tana kumbura tana tashi sama har ta zama gajimare, raƙuma suna takawa a kanta ba sa nutsewa, gishirin da ke bayansu yana walƙiya. Ya duba ƙasa ya ga fartanyoyi suna noma su kaɗai, babu hannun da ke riƙe da su. Daga nan ya tsinci kansa a wani ɗaki mai bango biyu. Bango ɗaya na ƙasa ne. Ɗayan kuwa tafukan hannun mutane ne aka jera aka gina shi da su. A kusurwar da bangayen suka haɗu akwai tarin gishiri. Sarki ya duba tarin ya ga bai ishe shi ba. Ya sa kafaɗa ya tura bangon hannayen, bangon ya matsa, tarin ya ƙaru. Amma daga bayan bangon sai ya ji ƙarar ruwa yana zuba, yana zuba, bai tsaya ba har ya farka.

Ya kira Waziri Cindo ya gaya masa. Waziri mutum ne mai saurin amsa, ba ya barin tambaya ta huce. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ai mafarkin ya fassara kansa. Gajimare auduga ce. A shuka gandu duka auduga. Biyar sau goma sha biyu, sittin ke nan. Madugu zai koma da raƙuma suna rawa."

Sarki ya ce, "Ruwan da na ji yana zuba fa?"

"Damina mai albarka, ranka ya daɗe."

Zuciyar sarki ba ta kwanta ba. A ƙetaren tafkin akwai wani malamin hisabi, Malam Hambali. Shi ne ke rabon gado a gaban alƙali a da, har ya gaji da ganin 'yan'uwa suna harara a kan akuya, ya koma gindin wata tsamiya ya zauna. Sarki ya ce a kai shi can.

Suka shiga kwalekwale shi da Waziri. Ruwa ya yi lum, kamar a kan madubi suke tafiya, sarki har ya rasa ko ya farka daga barcin nan ko bai farka ba. Suka iske malamin zaune a kan buzu. Kusa da shi akwai tulu mai zagayayyen gindi, an kewaye gindin da tsakuwa don kada ya karkace.

Bayan gaisuwa sarki ya ba shi labarin mafarkin da na alkawarin. Sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, mene ne ya fi tsada a gona?"

"Abin da ya fara ƙarewa, ya sarki."

"Mene ne ke fara ƙarewa?"

"Wani manomin ƙasa ce ke ƙare masa ya bar hannaye a zaune. Wani hannu ne ke ƙare masa ya bar ƙasa a kwance."

"To gwanin manoma fa?"

"Shi tare suke ƙare masa."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Malam, mun ƙetaro ruwa neman gishiri, kai kuma kacici-kacici kake ba mu."

Malam Hambali ya gyara zama. Ya share yashi da tafin hannunsa, ya haƙa ramuka goma sha biyu kamar na dara. Ya kwance bakin wata 'yar jaka ya ƙirga tsakuwa ashirin da huɗu a hannun sarki.

"Ramukan nan gandunka ne, tsakuwar nan mutanenka. Kadadar dawa mutum nawa take ci, daga shuka har girbi?"

Sarki ya ce, "Ɗaya ya isa."

"Ta auduga fa?"

"Ita mai son reno ce. Ga noma, ga ragewa, ga tsinka. Sai uku."

"To shuka dawa duka mu gani."

Sarki yana son dara tun yana yaro, sai ya ji abin ya burge shi. Ya jefa tsakuwa ɗai-ɗai a kowane rami. Ramuka suka cika, saura goma sha biyu a hannunsa.

Malam ya ce, "Uku sau goma sha biyu, kantu talatin da shida. Ƙasa ta ƙare, rabin mutanenka suna inuwa suna cin tuwonka suna hamma. Kwashe, ka shuka auduga duka."

Sarki ya kwashe, ya zuba uku-uku. A rami na takwas hannunsa ya zama fanko.

"Biyar sau takwas, arba'in. Hannu ya ƙare, kadada huɗu suna kwance sai ƙadangaru. Yanzu koma wa dawa, ɗai-ɗai kamar farko. Madalla. Daga cikin na hannunka ƙara biyu a rami ɗaya. Me ya zama?"

"Auduga."

"Da uku yake ba ka, yanzu biyar. Ka ba da mutum biyu, ka sami ƙarin kantu biyu. Akwai sauran tsakuwa? To ci gaba. Muddin mataki yana ƙara maka, kuma akwai abin taka shi, kada ka tsaya."

Sarki ya bi ramuka yana ƙara biyu-biyu, iska tana kaɗa ganyen tsamiya suna zubo masa a rawani bai sani ba. Da ya kai rami na shida ya buɗe hannunsa, babu komai. Ya duba ƙasa, babu ramin da ke fanko.

Malam ya ce, "Shida auduga, talatin. Shida dawa, goma sha takwas. Arba'in da takwas ke nan. Ga kusurwar mafarkinka, ya sarki, inda bangon ƙasa da bangon hannu suka haɗu. Mai neman riba ba sai ya laluba tsakar ɗaki ba. Kusurwa-kusurwa zai bi, a ɗayansu take ajiye."

Sarki ya ce, "In na mai da audugar bakwai fa?"

"Gwada."

Ya gwada. Bakwai suka cinye ashirin da ɗaya, saura uku na dawa, ramuka biyu suka zauna fanko. Ya lissafa da kansa ya sami arba'in da huɗu. Ya mayar da tsakuwar yadda take. Can ya ce, "Lissafinka ya yi kyau, Malam, sai dai ni sittin na ce a gaban mutane."

"Bakinka ya ce sittin. Gandunka ya ce arba'in da takwas. Gandun bai je fada ranar ba."

Sai Waziri Cindo ya miƙe. "Ranka ya daɗe, Malam ya manta da wa yake magana. Talaka ne tsakuwa ke ƙare wa. Sarki kuwa yana da gangar gayya." Ya sunkuya a gindin tulun nan ya kwaso tsakuwa goma sha biyu, ya zuba biyu-biyu a ramukan dawa. "Ga auduga goma sha biyu. Ga sittin. Kuma ba a biyan ɗan gayya, fura ce kawai da kirari."

Malam ya ce, "Waziri, nawa tsakuwar nan ta ƙara?"

"Kantu goma sha biyu."

"Kowace ɗaya kantu ɗaya ke nan. To a inda ka ɗauko ta, me take riƙe da shi?"

Waziri ya yi dariya. "Tsakuwa ce fa, Malam. Zaman banza take yi."

A lokacin tulun ya karkace a hankali, kamar tsoho mai gyangyaɗi. Ruwa ya fara zuba, ya bi yashi, ya malalo ya cika ramukan ɗaya bayan ɗaya. Sarki ya ji ƙarar, ya san ya taɓa jin ta. Amma idonsa na kan sittin. Ya tattare rigarsa don kada ta jiƙe, ya yi sallama ya shiga kwalekwale.

To, a ƙasar nan gayyar sarki tana da ƙa'ida. Ba a kaɗa gangarta sai kowa ya gama noman farko a gonarsa, kuma wuni guda ake yi a watse. Sai dai in an kaɗa, babu namijin da zai zauna a gida, don abin kunya ne har jikoki. Waziri ya san haka. Ana yin shuka, ciyawa ta fara leƙowa, ya sa aka kaɗa ganga a unguwar bayan dutse. Aka ɗauki magidanci ɗai-ɗai daga gida goma sha biyun da ke unguwar. Yamma ta yi suka ce za su tafi, aka ce gayya ba ta watse ba, ai ganga ba ta yi shiru ba. Kowace safiya sai a sake kaɗa ta. Haka aka riƙe su har damina ta ɗauke.

Auduga kuwa ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Da ta fashe, sarki yakan shiga kwalekwale da la'asar ya tsaya a tsakiyar tafki, ya ga fari a tudu, fari a sama, fari a cikin ruwa, har ya kasa gane wanne ne gajimare wanne ne gandunsa. Wata rana ya hau doki ya zaga bayan dutse, ya hango gonaki sun lulluɓe da wasu furanni ja-ja masu sheƙi, iska tana kaɗa su. Ya ce, "Waziri, wa ya shuka abu mai kyau haka?"

Waziri ya ce, "Albarkar zamaninka ce, Zaki. Har ƙasa ado take yi maka."

Sarki ya yi murna ya wuce. Bai san furen ƙuduji ba ne, ciyawar nan mai shanye dawa tun daga saiwa.

Ayari ya dawo. Aka auna auduga, aka sauke gishiri. Kantu sittin aka jera a ƙofar fada, sun tsaya kamar mutane masu fararen riguna a sahun salla. Madugu Agali ya ce, "Ya sarki, na janye maganata. Raƙumana sun rasa abin ɗauka."

Ranar ta dace da ranar damin fari. Al'ada ce, kowane gida sai ya kawo wa sarki damin farko na abin da gonarsa ta haifa, ya sa albarka, kafin a ci. Aka yi ta shigo da dammunan dawa ana ajiyewa. Can sai ga mata goma sha biyu daga bayan dutse, kowace da dami a ka, an ɗaure shi tsaf da igiya yadda ake ɗaure hatsi. Suka sauke a gaban gishirin. Busasshen ƙuduji ne da harƙiya da kara marar kai.

Wani dogari ya daka tsawa. "Ke Tasalla! Hauka kike yi? A gaban sarki?"

Tasalla ita ce babbarsu. Ta durƙusa ta ce, "Ni da hankalina, ɗan nan. An ce a kawo abin da gona ta haifa. Ga abin da ta haifa. Ko ka fi so in ara na maƙwabta in yi wa sarki ƙarya?"

Sarki ya ɗaga hannu, dogarin ya ja baya. "Baiwar Allah, ina maigidanki?"

"Nomau? Ai kai za a tambaya, ranka ya daɗe. Tun shuka yake gandunka yana shan fura ana yi masa kirari. Ya yi ƙiba ma. Ni da yara mun shiga gona da hannu, muna cire na gaba na baya yana tsirowa. Audugarka ta yi kyau, wallahi mun gani, mun yi maka murna. Na tsinci 'yar kaɗan a hanya na dafa wa yara, sun ƙi ci."

Babu wanda ya yi dariya. Sarki ya dubi busassun furannin da ke jikin damin, ya gane su. Nan take ya ji ƙarar ruwan nan a kunnensa, ga shi kuwa sama babu ko ɗigon hadari. Ya ce a ƙetara a zo da Malam Hambali.

Malam ya iso da 'yar jakarsa. Ya haƙa ramuka goma sha biyu a yashin ƙofar fada, ya cika su uku-uku. Sa'an nan ya matsa gefe, kusa da dammunan ciyawa, ya haƙa waɗansu goma sha biyu, ya bar su fanko.

"Ya sarki, waɗannan ma suna nan ranar da ka zo, ba mu haƙa su ba ne kawai. Kowane mutum da ganga ta kira yana da kadadarsa ta dawa. Nawa take haifarwa?"

Sarki ya ce a hankali, "Uku."

"A gandunka nawa ya ƙara maka?"

"Ɗaya."

"Ka ɗauke mutum daga inda yake haifar da uku, ka kai shi inda yake haifar da ɗaya. Kai ka ƙaru da goma sha biyu, su sun rasa talatin da shida. Ashirin da huɗun da ke tsakani ba su zo gidanka ba, ba su zauna a nasu ba. Ƙuduji ne ya ci."

Sarki ya juya ga Waziri, idonsa ya yi ja. "Kai ka ce mini zaman banza suke yi! A ɗaure shi, a kwashe gidansa a biya matan nan."

Malam ya ce, "Ya sarki, tambaya biyu, in ka yarda. Gangar ta wa?"

"Tawa ce."

"Ranar da tulu ya karkace, wa ya tattare rigarsa?"

Sarki ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya sauko daga kan shimfiɗarsa, ya tsaya a ƙasa tare da mutane, ya ce, "Na tura bango na ga ya matsa, na zaci ƙarfina ne. Ashe gidajen mutane ne a bayansa. Ku shaida, adalci shi ne mai mulki ya ƙirga hannun da ya ara kamar yadda yake ƙirga ribar da ya ci."

Ya ce Tasalla ta fara zaɓa. Ta zaga sahun tana ƙwanƙwasa kowane kantu da yatsa, ba ta yi sauri ba, ta ware uku mafiya nauyi. Sauran matan suka biyo ta, kowace uku, don su kai kasuwa su musanya da dawa. Aka hana kaɗa gangar gayya kafin noman farko har abada, kuma aka ce rana na faɗuwa a kife ta. Waziri Cindo ba a ɗaure shi ba. Rawaninsa aka karɓa aka ba shi fartanya, domin ƙudujin da ya yi fure ya riga ya zubar da iri, ba a shekara ɗaya yake barin gona ba. Aka ce sai ranar da gonakin nan goma sha biyu suka tsarkaka zai dawo fada. An ce furfura ta riga ranar zuwa.

Sarki kuwa, da matan suka gama ɗauka, ya tsaya ya ƙirga abin da ya rage a ƙofarsa, Madugu na tsaye yana kallo. Wanda ya raina arba'in da takwas na halak, ya tura bango don ya kai sittin, da ashirin da huɗu ya shiga gida.